Zangon da Ya Zama Gari: Darasi a Kan Jiran Ubangiji

Karatu: Irmiya 29:1-14, Luka 2:22-38

Ga hunturu ya kama, amfanin gona ya shiga rumbu, teloli sun daina karɓar sabon ɗinki, yara kuma suna ƙirga kwanakin da suka rage kafin Kirsimeti. Irin wannan jira yana da daɗi, gama an san ranarsa, tana nan a rubuce a kalanda. Amma akwai jiran da ba shi da rana. Akwai 'yar'uwar da ta shekara goma a ɗakin miji ba ta ga haihuwa ba. Akwai saurayin da ya gama makaranta, takardunsa suna shan ƙura a cikin akwati. Akwai iyalin da aka kora daga ƙauyensu, suna zaune a makarantar firamare ta wani gari, ba su san ranar komawa ba. Idan kana cikin irin waɗannan, wannan darasi naka ne. Tambayar da za mu duba ita ce: sa'ad da kake jira, a ina Allah yake? Yana can ƙarshen hanya yana sauraron isowarka, ko kuwa yana tare da kai a zango?

Bari mu fara da labarin wani zango na gaske, a ƙasar Sudan, inda ake jin harshenmu har yau.

A ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya fita ya nufi gabas, jama'a kuwa suka yi ta binsa daga garuruwa da ƙauyuka, manoma da malamai da mata da yara. Akwai tsohuwar magana a cikin jama'ar Shehu Usmanu cewa a ƙarshen zamani za su yi ƙaura zuwa gabas, wajen Kogin Nilu da ƙasar Makka, su sadu da Mahadi. Da yawa sun ga lokacin ne ya yi. Turawa suka bi sawunsu, aka yi kazamin yaƙi a Burmi, a cikin Jihar Gombe ta yanzu, ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. A nan aka kashe Attahiru tare da ɗaruruwan mutanensa. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja ragowar ayarin. Suka ratsa ƙasashen Chadi da Darfur da Kordofan a ƙasa da bisa dabbobi, har suka kai gaɓar Shuɗin Nilu, kusa da Sinnar. Wajen shekarar 1906 suka kafa garin da ya ɗauki sunan madugunsu, Mai Wurno.

Ka lura da abin da suka tarar. Sun bar gida domin gudun mulkin Turawan Ingila, sai ga shi tun 1898 waɗannan Turawa ne suke riƙe da Sudan. Makka kuma tana gaba, sai an kai bakin teku a Sawakin, an sami kuɗin jirgin ruwa zuwa Jidda. Guzuri ya ƙare. Ba yadda za a yi sai a sauke kaya a nemi na abinci. Suka share daji, suka shuka dawa, suka gina ɗakuna da masallaci, aka yi aure aka haifi 'ya'ya. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe manyan gonakin auduga na Jazira, wato ƙasar da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Hausawa da Fulani da Barebari masu niyyar aikin haji suka riƙa tsayawa suna ƙwadago a gonakin domin su tara kuɗin ƙarasa tafiya. Waɗansu sun ƙarasa. Da yawa kuwa shekara ta bi shekara, ƙauyukansu suka yawaita a Jazira da bakin kogi. Mutanen ƙasar suna kiransu Fallata ko Takari.

Wani masani mai suna Bawa Yamba ya zauna a cikin Hausawan Jazira ya yi bincike, ya buga littafinsa a 1995. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, ya sami jikoki da tattaɓa kunne, waɗanda aka haifa a Sudan, aka haifi iyayensu a Sudan, amma in ka tambaye su sai su ce su matafiya ne a kan hanyar Makka. Ga gona, ga iyali, ga kabarin kakanni a bayan gari, duk da haka zuciya ba ta sauke niyya ba.

Mutanen nan Musulmi ne, begensu dabam yake da namu, ba kuwa za mu ɓoye wannan ba. Amma mai hikima yakan koyi abu ko a wurin maƙwabcinsa. Ni dai a ganina, ya kamata naciyarsu ta ba mu kunya, mu da mukan yi addu'ar wata uku a kan wani abu, in ba mu ga amsa ba sai mu daina zuwa sujada. Sun riƙe abu biyu a lokaci ɗaya, waɗanda mu kan kasa haɗawa: suna noma kamar mazauna, suna sa zuciya kamar matafiya.

Wannan shi ne ainihin abin da Allah ya umarci jama'arsa a cikin karatunmu na fari. Nebukadnezzar ya kwashe sarkin Yahuza da manyan gari da masu sana'a zuwa Babila wajen shekara 597 kafin haihuwar Almasihu. Suna can a bakin kogunan baƙuwar ƙasa, zuciyarsu tana Urushalima. Sai wani annabi mai suna Hananiya ya tashi ya ce cikin shekara biyu za a karya ikon Babila, kowa ya koma gida (Irmiya 28). Wa zai ƙi jin irin wannan wa'azi? Har wa yau masu irinsa ba su rasa jama'a, musamman a watan Disamba, sa'ad da ake yi wa mutane alkawari cewa kafin shekara ta ƙare kowace matsala za ta kau. Irmiya kuwa ya aika musu da wasiƙa mai ɗaci. Ya faɗa musu shekara saba'in za a yi. Ka yi lissafi: wanda yake da shekara talatin sa'ad da aka karanta wasiƙar ya san a Babila za a binne shi. Sa'an nan Ubangiji ya ce su gina gidaje, su dasa itatuwa su ci 'ya'yansu, su aurar da 'ya'yansu, su kuma yi wa birnin da ya kama su bauta addu'ar zaman lafiya, domin lafiyarsu tana ɗaure da tasa. Aya ta 11, wadda muke son rubutawa a jikin mota da katin gaisuwa, mai maganar kyakkyawan nufin Allah da bege na gaba, a cikin wannan wasiƙa take. Ga mutanen da za su jira shekara saba'in aka faɗe ta.

Yanzu sai ka dubi kanka. Akwai mai bi wanda ya ɗaure kayansa ya zauna a kai. Ya ce ba zai yi hidima a ikilisiya ba sai ya sami aiki. Ta ce ba za ta shiga zumuntar mata ba sai ta sami goyo, domin kunya. Ba zai koyi sana'a a garin da ya yi gudun hijira ba, wai ai gobe za a koma. Hausawa suna kiran wannan tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka. Shekarun da ya zauna a kan kaya ba za su dawo ba, 'ya'yansa kuma suna girma suna kallon uban da ya ɗauka Allah yana wani wuri dabam. Akwai kuma wanda ya sauke kaya har ya manta da hanya. Ya daina roƙo, ya daina sa ido ga komowar Ubangiji, Kirsimeti a wurinsa shinkafa ce da nama da sabuwar atamfa. Wasiƙar Irmiya ta tsauta wa dukansu biyu.

Me ya sa za a iya dasa itace a ƙasar bauta ba tare da zuciya ta mutu ba? Domin Allah bai tsaya a Urushalima ya bar su su kaɗai ba. Ezekiyel firist ne da aka kwashe tare da su, wanda ya kamata a ce a Haikali yake hidima. A bakin kogin Kebar, a tsakiyar 'yan bauta, sama ta buɗe ya ga ɗaukakar Allah (Ezekiyel 1). Daga baya Ubangiji ya gaya masa cewa shi da kansa ya zama musu wuri mai tsarki a ƙasashen da aka warwatsa su (Ezekiyel 11:16). Haka ya faru da Yakubu tun da can, yana gudun ɗan'uwansa, ya kwana a fili ya yi matashi da dutse. Sai da gari ya waye ya gane ashe Ubangiji yana wurin, shi ne bai sani ba (Farawa 28). Matsalarmu sau da yawa ke nan, rashin sani.

Karatunmu na biyu ya nuna mana mutane biyu da suka sani. Daga annabi Malakai zuwa haihuwar Yesu kusan shekara 400 ne, ba a ji muryar annabi ba. Farisawa suka yi mulki suka wuce, Helenawa suka wuce, ga Romawa sun zo. A cikin wannan dogon shiru aka sami Saminu, tsoho adali mai sauraron ta'aziyyar Isra'ila. Luka ya ambaci Ruhu Mai Tsarki sau uku a cikin ayoyi uku game da shi: Ruhu yana bisansa, Ruhu ya bayyana masa ba zai mutu ba sai ya ga Almasihu, Ruhu ne kuma ya iza shi ya shiga Haikali a ranar. Ka gani, tun kafin ya rungumi jaririn, Allah yana tare da shi a cikin dukan shekarun jira. Hannatu kuwa shekara bakwai kaɗai ta yi da mijinta ya rasu, ta zauna gwauruwa har ta tsufa ƙwarai. Luka ya ba da lissafin shekara 84. Wata da ta ce rayuwarta ta ƙare ranar jana'izar. Ita sai ta mai da Haikali gidanta, tana azumi da addu'a dare da rana.

Ka yi tunanin yadda Haikali yake a ranar. Ga firistoci, ga malaman Attaura da suka haddace annabci, ga masu canjin kuɗi, ga taron jama'a. Sai wani kafinta daga Galili ya shigo da matarsa da jariri ɗan kwana 40, suna riƙe da 'yan kurciyoyi biyu, hadayar da Shari'a ta yardar wa wanda ba shi da halin sayen ɗan rago (Littafin Firistoci 12:8). Ba tambari, ba algaita, ba dogarai. Kowa ya ga talakawa biyu da goyo. Tsofaffi biyu ne kaɗai suka ga ceton Allah, domin sun daɗe suna zama a gabansa har idonsu ya saba da yadda yake aiki. Wanda bai saba jin muryar Allah a ranakun da ba abin da yake faruwa ba, da wuya ya gane shi ranar da ya zo da tufafin talaka.

A nan ne kuma labarin Kirsimeti ya juya hanyar. 'Yan Adam a ko'ina sun saba ɗaura guzuri su tafi neman Allah a wuri mai tsarki, kuma wannan ƙishi na gaskiya ne, ba abin raini ba. Amma bishara ta ce Allah ne ya yi tafiyar. Ya aiko annabawa a zamanai dabam dabam, a ƙarshe kuwa ya zo a cikin Ɗansa. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ma'anar sunan Immanuwel ke nan, Allah yana tare da mu (Matiyu 1:23). Shi kansa a zango aka haife shi, a garin da ƙidayar Kaisar ta kai iyayensa, inda ba su sami masauki ba.

Ƙasar Sudan tana da nata shaida a kan wannan a cikin Littafi Mai Tsarki. Mutumin nan na Ayyukan Manzanni 8, ma'ajin sarauniya Kandakatu, an kira shi mutumin Habasha, amma Kandakatu sarautar sarauniyoyin Merowe ce, birnin da kufansa yake arewa da Kartum a bakin Nilu. Ya yi doguwar tafiya zuwa Urushalima domin sujada. Ya kai, ya juyo, har yanzu yana karanta annabcin Ishaya bai gane ko wa ake nufi ba. A hanyar komawa, a cikin hamada wajen Gaza, inda ba Haikali ba bagade, can Allah ya turo masa Filibus. Aka yi masa baftisma a ruwan bakin hanya, ya ci gaba da tafiya yana murna.

Kada dai mu sauƙaƙa maganar fiye da yadda take, gama akwai jiran da mai shi bai ga amsarsa ba. A gaɓar Shuɗin Nilu ɗin nan, kusa da Kartum, akwai kufan wani birni mai suna Soba, babban birnin mulkin Alwa. A shekara ta 580 wani bishop mai suna Lonjinus ya yi wa sarkinsu baftisma, ƙasar kuwa ta zauna ta Kirista kusan shekara 900. Masu tonon kayan tarihi sun tono harsashin manyan majami'u a wurin a shekarun 1980. Wajen shekara ta 1500 mulkin ya faɗi, daular Funj ta kahu a Sinnar a 1504. Wani limamin Kirista ɗan ƙasar Fotugal, Faransisko Albares, wanda ya zauna a fadar sarkin Habasha a shekarun 1520, ya rubuta cewa mutum shida sun zo daga ƙasar Nuba suna roƙon sarki ya aika musu da firistoci da za su koya musu. Sarki ya ce shi ma daga Iskandariya ake aiko masa da shugaban ikilisiyarsa, ina zai sami na bayarwa? Suka koma hannu wofi. Bayan 'yan tsararraki, ikilisiyar Nuba ta shuɗe.

Wannan labari yana da nauyi, bai kuwa kamata a yi saurin share shi da aya ba. Ibraniyawa 11 ta yarda a fili cewa akwai waɗanda suka mutu cikin bangaskiya ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango shi, suna shaida su baƙi ne a duniya. Allah bai ji kunyar a kira shi Allahnsu ba. Akwai kuma wani gefen da ya shafe mu: mutanen nan shida wurin 'yan'uwansu masu bi suka je, a nan ne aka ce musu babu. Mai yiwuwa akwai wanda yake jiran Allah a unguwarku yau, amsar kuwa tana cikin rumbunka ko a bakinka.

Bayan fiye da shekara 400, a 1937, 'yan mishan na SIM, ƙungiyar da ta haifi ECWA a Nijeriya, suka shiga Sudan bayan Italiya ta fitar da su daga Habasha. Suka fara aiki a cikin kabilar Uduk a Chali, can kudancin lardin Shuɗin Nilu, da kabilar Maban a Doro. A 1964 gwamnati ta kori 'yan mishan daga kudu, sai ikilisiyar Uduk ta ƙara yawa bayan tafiyarsu. Yaƙi ya kore su zuwa Habasha a 1987, suka shekara kusan ashirin suna yawo daga sansani zuwa sansani. Sun koma gida bayan yarjejeniyar 2005, a 2011 kuma yaƙi ya sāke korarsu. A duk inda aka sauke su sukan kafa wurin sujada, su rera waƙoƙi da harshensu. Ba su jira sai sun koma Chali kafin su yi Kirsimeti ba.

Na kusa kusan nan ma ka sani. Yaƙi ya ɓarke a Kartum ranar 15 ga Afrilu, 2023, tsakanin sojojin gwamnati da dakarun RSF. Dubban ɗaruruwan mutane suka gudu zuwa Wad Madani, babban birnin Jazira, suna tsammani sun tsira. Saura kamar mako guda Kirsimeti na wannan shekara, RSF suka shiga Wad Madani. Waɗanda suka riga suka gudu sau ɗaya suka sāke ɗaukar yara, waɗansu suka nufi Gadarif, waɗansu suka nufi Sinnar, wadda ba ta da nisa da Mai Wurno. Musulmi da Kirista hanya ɗaya suka bi, ƙishi ɗaya suka sha. A 2024 yaƙin ya kai Jihar Sinnar kanta, sai a Janairu 2025 sojoji suka karɓe Wad Madani. Da yawa sun ƙetare zuwa Masar, ƙasar da Yusufu ya kai Maryamu da jaririn da dare domin gudun takobin Hirudus (Matiyu 2:13-15). Ubangijin da muke jira ya san nauyin kayan ɗan gudun hijira, gama a kafaɗar iyayensa ya fara ganinsa.

Kiristocin Kibɗawa na Masar da Sudan sukan yi azumin kwana 43 tun daga 25 ga Nuwamba, su yi bikin haihuwar Almasihu ranar 7 ga Janairu. Ba dole ne ka bi al'adarsu ba, amma ka ga sun ba jira wuri a cikin kwanakinsu. Kai ma a kwanakin da suka rage, ka keɓe ɗan lokaci da asuba kafin hayaniyar gida ta tashi. Ka kira abin da kake jira da sunansa a gaban Allah, kada ka yi masa kwaskwarima. Sa'an nan ka tambaye shi wane itace yake so ka dasa a inda kake yanzu: sana'ar da za ka koya, ajin Lahadi da ba shi da malami, maƙwabcin da kuka shekara ba ku gaisa ba. Ranar Kirsimeti kuma, sa'ad da ake rabon abinci, ka tuna da gidan baƙin da suka sauka a unguwarku, ko da addininku ba ɗaya ba ne.

Addu'a: Ya Uba na Sama, muna kawo maka mutanen Mai Wurno da Sinnar da Wad Madani da dukan ƙauyukan Jazira, da 'yan'uwanmu na Uduk da Maban, da duk wanda yaƙi ya raba da gidansa a Sudan da Nijeriya da Nijar. Ka ba su abinci da mafaka da zaman lafiya. Ka ta'azantar da mai karatun nan da ya gaji da jira. Ka ba mu idon Saminu da naciyar Hannatu. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.